Ƙodar Inna a Jikin Ɗan Fari

Tun da na buɗe ido a duniya ban taɓa jin Inna ta kama sunan Yaya ba. Shi ne ɗan farinta, kuma a wajenmu, can ƙauyukan Urafane, mace ba ta faɗin sunan ɗan fari, ba ta zama kusa da shi, ba ta nuna ta damu da cinshi ko shanshi. Ana yaye shi kakarmu ta ɗauke shi, a ɗakinta ya girma. In Inna na son ya ji wata magana ni take kira, ko da yana tsaye gabanta.

"Ke, ce ma yayanki ruwan wanka na bayan ɗaki."

In juya in faɗa mishi. Shi kuma ya dubi ƙasa ya ce, "Ce mata na ji."

Muna yara abin dariya ne gare mu. Na tashi ina ɗauko magana daga wannan baki ina kai ma wancan kunne, har ƴan gidanmu suka laƙa mini suna talho, wato wayar tarho. Matan gari kuwa yabon Inna suke, wai kunya gare ta irin ta mutanen da. Ni tun ina budurwa abin ke ci mini rai, don ni ba a san ni da haɗiye magana ba. Na sha ce mata, "Inna, in gobara ta kama rigarshi fa, ni za ki tsaya nema?" Sai ta ce in tashi in ba ta wuri, bakina ya fi ni girma.

Ni da Yaya duk mun yi lakwal, wato makarantar boko. Ni na zama malama, shi ya zama malamin gona a Tasawa. Mutum ne mai sanyi, ba ya faɗa, ba ya ƙorafi, abin da ya fi so a duniya shi ne auren mangwaro. Ya yanko reshen mai daɗi, ya tsaga ɗan icen da ya shuka, ya haɗa su ya naɗe da leda, kullum da marece ya je ya tsuguna yana dubawa. Matarshi kan ce da itacen nan na magana da ta tabbata da su yake hira, don ita ba ta samun rabin wannan kulawar.

Ciwon ya shigo mishi a hankali. Gajiya, ciwon kai, kumburin ƙafa. Aka yi jiƙe-jiƙe, aka yi rubutu, aka je likitar Tasawa, wato asibiti, aka tura mu Maraɗi, daga nan Yamai. Can aka ce ƙodojinshi duka biyu sun daina aiki. Aka ɗora shi kan injin wankin jini, ya bar gida ya bar itacenshi ya tare ɗakin wani ɗan garinmu, ana wanke shi yana ramewa. Da yake ma'aikacin gwamnati ne, bayan doguwar wahala aka yarda a fitar da shi waje a yi mishi dashe, in an samu wanda zai ba da ƙoda cikin dangi.

Ni na fara miƙa hannu. Jinina bai dace ba. Na yi kuka ranar nan kamar an yi mini mutuwa. Ƴan uwa kuwa da aka ji maganar yanka sai kowa ya tuno da wani tsohon ciwo da ke damunshi. Ban ga laifinsu ba yanzu, amma a lokacin babu wanda ban wanke tas ba.

Ana nan sai ga Inna a Yamai, ita da ba ta taɓa wuce Maraɗi ba. Ta ce ta zo ganin jikokinta ne, da uwarsu ta kawo su duba shi. Ta bi ni likita wai don ta riƙe mini jaka. Muna zaune, mai ɗibar jini ya fito, sai ta zare hannu daga mayafi ta miƙa mishi tana kallon wani wuri.

"Tunda ana ɗibar na kowa a ɗebi nawa," in ji ta, "kar a ce na yi rowa."

Nata ya dace. Ba ta tsufa ba a lokacin, tazarar da ke tsakaninsu ba ta da yawa, kuma mace ce da surfe da jan guga suka gina. Aka auna ta ciki da bai, aka ce lafiyarta lau. Da na faɗa mata, ba ta yi murmushi ba. Ta ce, "Ba don shi ba ne. Don ɗiyanshi ne, ƙanana ne." Da Yaya ya ji ya ce sam, gara ya mutu kan inji. Na koma na faɗa mata. Ta ce, "Ce ma yayanki ban tambaye shi ba."

Haka muka hau jirgi mu uku zuwa wata ƙasar Larabawa, ni ce mai juya faransanci. Lokotoron da ta karɓe mu, wadda za ta yi dashen, mace ce, Balarabiya, doguwa, mai saurin magana. Kafin a yi aikin ta zaunar da mu ta ce akwai abin da take son kowa ya ji da kunnenshi. Ta ce yankan ba shi ne abin tsoro ba. Abin tsoro shi ne jiki na da masu tsaro, kuma kowace tsoka na ɗauke da shaidar mai ita. In suka duba suka ga shaidar ba tasu ba ce, sai su far mata har su kashe ta. Don haka akwai ƙwayoyin da zai riƙa sha safe da marece, su kwantar da masu tsaron nan. Ba na wata ba ne, ba na shekara ba ne. Har ranar da zai bar duniya.

Na juya ma Inna da Hausa. Na ce kamar yadda take tsaga kunnen awakinta don a gane su, haka Allah ya yi ma kowane nama shaida. Ta murza bakin zanenta, sannan ta ce, "Tambaye ta. Wata tara yaron nan ya yi cikina, jikina bai kore shi ba. Yaya nashi zai kori nawa?"

Wallahi sai da na ji kunyar juyawa, na ɗauka za a yi mana dariyar ƙauyanci. Lokotoron ba ta yi dariya ba. Ta aje abin rubutunta ta dubi Inna da kyau. Ta ce wannan tambayar ita ce ke hana manyansu barci. Ta ce akwai masu bincike da ke neman hanyar shiga cikin ƙwayoyin gadon ƙodar tun kafin a dasa ta, a gyara shaidar nan, ko a koya ma ƙodar ta riƙa lallashin masu tsaron da kanta, yadda mutum ba zai rayu a bakin kwalbar magani ba. Amma ta ce abin yana wurin gwaji, bai iso gadon marasa lafiya ba, kada mu sa rai. Mu dai namu shi ne magani, kullum, babu fashi.

Inna ta ce, "To." Ban san ta adana maganar ba.

Aiki ya yi kyau. Ikon Allah, kafin mu baro ƙasar Yaya ya fara neman tuwo. Ɗakinshi da na Inna na kallon juna, amma ko sau ɗaya ba ta leƙa shi ba. In na shigo sai ta ce, "Mutanen wancan ɗakin sun tashi lafiya?" In ce, "Inna, mutum ɗaya ne a ciki, kuma naman jikinki na cikinshi." Ta ce in rage murya, akwai mutane.

Muka dawo Tasawa aka yi ta barka. Yaya ya yi ƙiba, fuskarshi ta cika, ya koma aiki, ya koma ga itacenshi. Maganin daga Yamai yake zuwa, cikin ɗan kwali, direban kar, babbar motar fasinja, ke sauke shi a tasha. An ce kada ya sha ruwan da ba a tafasa ba, don maganin na rage mishi ƙarfin kare kai, matarshi ta kiyaye wannan sosai. Inna ta koma ƙauye ta ci gaba da surfenta, in ka ce mata ta huta ta ce ƙoda aka cire mata ba hannu ba. Ni kuma aka yi mini canjin wurin aiki zuwa wata ƴar lakwal a karkarar Sarkin Hausa, cikin ƙasar Mayahi, inda in ba ranar kasuwa ba sai ka yi sa'a ka ga moto. Damina biyu muka yi cikin kwanciyar hankali, har na fara mantawa da tsoro.

Sai shekarar nan ta zo. Hatsi ya fid da kai, ruwa ya ɗauke. Muna kallo gonaki suka bushe a tsaye, wanda ya saba cika rumbu ya kwaso abin da bai kai cin kaka ba. Kafin rani ya raba, maza sun watse cin rani, mata sun shiga daji neman ƴaƴan icen anza, a jiƙa a zubar, a jiƙa a zubar, har ɗacin ya ragu a ba yara. Ana cikin wannan muka ji a rediyo sojoji sun karɓe mulki a Yamai. Mutanen ƙauye ba su ce komai ba, wanda bai ci ba ina ruwanshi da wanda ya hau. Amma mu abin ya taɓa mu ta inda ba mu zata ba. Aka canza manyan birori, wato shugabannin ofisoshin gwamnati, wanda ke sa hannu a fitar ma Yaya magani aka ɗauke shi, wanda ya zo bai san zancen ba. Kwalin ya fara makara. In ya zo ma, wani lokaci rabi ne.

Duk wannan daga baya na sani. A lokacin, in na hau tudun bayan lakwal na samu rezon waya na kira, Yaya ke ɗauka, don salular gidan a aljihunshi take.

"Yaya, magani na zuwa?"

"Yana zuwa, malama. Ke dai ki ji da ɗiyan mutane."

Gidanshi kuwa ya cika. Dangi na ƙauye da yunwa ta koro duk can suka sauka, zaure da tsakar gida ba masaka tsinke, tukunya ba ta sauka daga murhu. Inna ma da ƙyar aka rarrashe ta ta zo, ta kawo sauran awakinta ta ɗaure bayan gida, ta zaɓi ɗakin da ya fi nisa da nashi. Yaya ya duba ya ga in ya buɗe baki ya ce magani ya yanke, to awakin nan za a kai kasuwa, da irin shukar da aka ɓoye, da buhun da ake ci. Sai ya yi shawara shi kaɗai. Ya fara sha yau ya tsallake gobe, don abin da ke hannu ya ja. Da ya ga bai ji komai ba, sai ya ƙara tazara. Matarshi ta gane, ya sa ta rantse ba za ta faɗa ma kowa ba.

Inna ta gani. Ashe tun zuwanta ta karɓe tafasa ruwan nan daga hannun surukarta, ba tare da ta ce don wa take yi ba. Da asuba ta hura wuta, ta tafasa, ta juye a kofinshi na silba ta rufe da faifai, ta aje bakin ƙofa ta wuce abinta kamar ba ita ba. Da hantsi in ta zo ɗaukar kofin ta tarar da shi wayam, ta san an sha magani. Sai ta fara tarar da shi cike. Yau wayam, gobe cike. Daga baya cike, cike, sannan wayam. Ta ga ya daina sa takalminshi na aiki ya koma silifa. Ta ga ya daina tsugunawa gaban itacenshi, sai dai ya tsaya daga nesa ya dafa bango.

Mace ce mai ido, babu abin da ya wuce ta. Amma da wane baki? Ta taɓa ce ma surukarta, tana tankaɗe ba ta ɗago ba, "Mutanen ɗakin nan sun daina jin ƙishirwa ne?" Yarinyar ta tuna rantsuwarta ta ce lafiya lau, zafi ne ya sa yake shan na randa. Inna ta san ƙarya ce. Sai ta nemi talhonta, wato ni.

Akwai wani mai kanwa da ke cin kasuwar Tasawa ya kuma ci tamu. Shi ta samu. To ka ji inda abin ya lalace. Uwa ba ta iya tsayawa gaban namiji baƙo, cikin kasuwa, ta ce hankalinta ya tashi kan ɗan farinta. Kafin marece an kai labari ƙauye, an ce wance ta tsufa ta zubar da kunya. Don haka ga saƙon da ya iso ni, mai kanwa na kan moto bai ko kashe ba:

"Tsohuwarki na gaishe ki. Ta ce kowa lafiya. Ta ce in kin samu sarari ki biyo."

Na ce ina amsawa. Sarari kuwa ina na gan shi? Ni kaɗai na rage a lakwal, abokin aikina ya tafi ya bar ni, yaran da suka saura don ɗan kunun da ake dama musu suke zuwa, in na rufe ƙofa sun rasa shi. Kuma an ce kowa lafiya. Bayan wasu kasuwanni mai kanwa ya sake tsayawa: "Ta ce har yanzu ba ki samu sararin ba?" Na yi dariya na ce tsohuwa ta yi kewar mai yi mata tsiwa. Na ce ya ce mata sai babban hutu.

Ranar da aka yi hutun na hau amalanke zuwa bakin hanya, na samu mota zuwa Tasawa. Na shiga gidan da rana tsaka ina sallama ina tsokanar yara. Yaya na zaune kan kujera ƙarƙashin rumfa. Na tsaya. Fuskar da na gani ba ƙiba ba ce. Idanunshi sun shige ciki, ƙafafunshi sun yi suntum har fatar na ƙyalli, yana numfashi kamar wanda ya yi gudu. Na san wannan fuskar, na yi zaman jinyarta a Yamai.

Ban gaishe shi ba. Na wuce ɗakinshi na jawo kwalin daga ƙarƙashin gado. Ƴan ƙwayoyi ne ke gara a gindi. Na fito da shi a hannu.

"Yaya, mene ne wannan? Tun yaushe?"

"Rage murya, malama."

"Ba zan rage ba! Yau duk Tasawa sai ta ji. Kai da ka yi karatu? Kai da ka zauna gaban matar nan ta faɗa maka da faransancin da kake ji?"

Ya ce in zauna. Ya ce shi ma ya yi tunani, ba hauka ya yi ba. Ya ce a aikinshi in ka aura reshe ya kama, kwance ledar ake yi, ba a barinta har abada. Damina biyu ta wuce, ai ta kama. Kuma ba ta baƙo ba ce, daga jikin da ya fito ta fito.

Na ce, "Kai mangwaro ne? Haba Yaya! Haba!"

Can ya ce, a hankali, yana duban ƙofar ɗakin Inna, "Da na fara jin ciwo a wurin, na gane. Amma in ce me? In aika a ce mata jikina ya ƙi abin da ta ba ni? Mace ta yarda an tsaga ta saboda ni, ko sunana ba ta faɗi, sannan in mayar mata da kyautarta? Ki rufa mini asiri, kar ta ji."

Kar ta ji! Na bar shi na nufi ɗakinta. Tana zaune kan tabarma tana tsince wake, ta ji komai, gidan ba wani girma gare shi ba.

"Inna, kin gani?"

"Na gani."

"Kin gani kika yi shiru?"

"Na aika miki. Har sau biyu."

"Kin aiko kin ce kowa lafiya!"

"To me zan ce ma mai kanwa?"

Wallahi ban taɓa jin haushin mutum kamar yadda na ji nata a ranar ba, kuma ban taɓa jin tausayin mutum haka ba. Na ce mata tsakanin ɗakinta da nashi taku nawa ne. Na ce da ta fita ta tsaya kanshi ta ce sha maganinka, ko ta kwance akuya ɗaya ta ce a kai kasuwa, wa zai kashe ta? Na ce kunyar nan da ake yabonta da ita, ga ta can zaune ƙarƙashin rumfa ta kumbura, ta je ta gani. Na faɗi maganganun da ɗiya ba ta faɗa ma uwa. Hannunta na cikin waken amma ba ta tsince komai, sai juya shi take.

Da ta buɗe baki cewa ta yi, "Kullum ina tafasawa."

Washegari aka kai awakin kasuwa, waɗanda aka yi duk wannan ɓoyon don kada a sayar. A shekarar yunwa akuya ba ta da daraja, kusan kyauta aka ba da su. Muka ɗauki Yaya zuwa Maraɗi, suka duba suka ce mu wuce Yamai kada mu tsaya. Za mu shiga mota sai ga Inna da ƙullin kayanta. Ba ta ce ganin jikoki za ta ba, don jikokin na nan Tasawa. Ta shiga ta zauna baya. Duk tsawon hanyar nan, shingen sojoji bayan shingen sojoji, ana sauke mu ana duba takardu, Yaya na jingine da kafaɗata, ita tana kallon taga.

A Yamai aka yi ƙoƙari, ba zan ci hakkinsu ba. Aka yi ta ɗura mishi magunguna masu ƙarfi ko za a ceto wani abu. Muka yi kwanaki muna jira. Ni ke shiga wurinshi, Inna na waje ƙarƙashin wani icen bedi tare da sauran masu jinya, in na fito ta dube ni kawai, in ce da sauƙi, ta ce to.

Yaya bai sake komawa Tasawa da zama ba. Ya koma kan inji, ya ja abin da Allah ya ɗibar mishi, ba mai yawa ba ne. Itacenshi wasu sun rayu, ɗiyanshi na shan su yanzu. Yau in na ji a rediyo ana zancen masu binciken nan, wai suna matsowa, wai wata rana za a gyara ƙoda a dasa ba sai an sha magani ba, ina yi musu fatan alheri da zuciya ɗaya, amma sai na tashi na kashe rediyon. Ba wannan ne abin da ya fi tsaya mini ba. Abin da ya tsaya mini shi ne safiyar da lokotoro ya faɗa mana.

Wani ɗan siriri ne mai tabarau. Ya kira ni bakin gadon Yaya, ɗakin cike da marasa lafiya da masu jinyarsu. Ya ce da faransanci ƙodar ta tafi. Masu tsaron jiki sun cinye ta a hankali, ta zama tabo, babu abin da zai tashe ta. Da an zo da wuri, in ji shi, sai ya bar maganar nan bai ƙarasa ba. Yaya ya ji da kunnenshi, ya rufe ido.

Ban san Inna ta shigo ba. Sai ji na yi an taɓa mini kafaɗa. Tana tsaye bayana da mayafinta, a ɗakin da ɗan farinta ke kwance, gaban mutane.

"Me ya ce?"

Na ce, "Ya ce sai an ƙara haƙuri."

"Ke, ni na haife ki. Faɗa mini daidai."

Na faɗa mata. Ta gyaɗa kai. Ta dubi bango, ba ta dubi gadon ba, ta ce:

"Tambaye shi. Gyaran nan da Balarabiya ta ce ana yi, wanda in an yi ba sai an sha magani ba. Sun gama?"

Na ce, "Inna, ba su gama ba. Ta ce miki kada mu sa rai."

"Ke dai tambaye shi. In sun gama, ce mishi akwai sauran guda. A gyara ta tukun, sannan a sa mishi."

Na ce mata mutum ba ya rayuwa babu ko ɗaya. Ta ce ta sani, ita ba yarinya ba ce, ai ga inji nan, ita ba ta da aikin da ya wuce zama. Lokotoro na tambayata me tsohuwa ke cewa, ni kuwa da na yi rayuwata ina kai maganarta inda ta aike ni, na buɗe baki faransancin ya ƙi fitowa.

Yaya ya ja zane ya rufe fuskarshi, kafaɗunshi na motsi. Daga ƙarƙashin zanen ya ce, "Ce mata ta bari. Ce mata ta yafe mini."

Ban juya na faɗa ba, kuma ba ta jira ni ba. Ta matsa ta zauna bakin gadon, wajen ƙafafu, har yanzu fuskarta na ga bango.

"Ba don shi ba ne," in ji ta. "Don ɗiyanshi ne."

Sannan ta fid da hannu daga mayafi ta ɗora kan ƙafarshi. Rabonta da taɓa shi tun ranar da aka yaye shi. Ƙafar ta kumbura har yatsunta suka lotsa ciki, ba ta ɗauke ba.